Yadda Ake Zaɓen Na'urar Binciken Mota Don Matsalar Jakar Iska da Birkin ABS

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa a kan wannan batu kusan iri ɗaya ce. Fitilar jakar iska ko ta ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi) ta kama a dashbod, mutum ya sayi ƙaramar na'urar binciken mota, ya soka ta a soket, sai ta rubuta masa cewa babu wata matsala, alhali fitilar tana nan a kunne. Na'urar ce ta lalace, ko kuwa fitilar ce ke ƙarya? A mafi yawan lokuta dukansu lafiyarsu ƙalau. Na'urar ta karanta ƙwaƙwalwar inji (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi) ce kawai, domin iyakar aikin da aka ƙera ta ta yi ke nan, jakar iska da birki kuwa kowannensu yana da tasa ƙwaƙwalwar daban, wadda ke magana da harshen da kamfanin motar ya keɓe mata. Saboda haka abin nema shi ne na'urar da ka tabbatar da idonka tana shiga waɗannan ƙwaƙwalen biyu a irin motarka, ta shekararta. Ga matakan a jere.

1. Tantance fitilar da ta kama

Murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, amma kada ka tayar da inji. A mota mai lafiya fitilar jakar iska, wadda ke ɗauke da hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa ko haruffan SRS, takan kama na kimanin daƙiƙa shida sannan ta mutu. Ta ABS, mai ruwan ɗorawa, ita ma takan mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ta jakar iska ta ƙi mutuwa ko tana ƙyaftawa, ƙwaƙwalwarta ta gano matsala ke nan, kuma mai yiwuwa ne jakar ta ƙi buɗewa ranar haɗari. Idan ta ABS ce, birki na yau da kullum yana nan yana aiki, sai dai tayoyi za su iya kullewa idan aka taka da ƙarfi, kuma tsarin hana santsi yakan daina aiki tare da ita.

Fitilar da ba ta kamawa kwata-kwata a lokacin wannan gwaji ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin sau da yawa alama ce ta cewa wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi don ya ɓoye aibu.

Gargaɗi: Jar fitilar birki, mai alamar motsin rai a cikin da'ira, maganarta daban ce. Idan ka sauke birkin hannu ba ta mutu ba, ko ta kama tare da ta ABS, ko kuma ka ji birki yana nutsewa ƙasa idan ka taka, to ajiye motar ka duba man birki da tiyo-tiyon da ke kai shi ƙafafu. Babu na'urar da ke ganin yoyon mai, kuma wannan matsala ba ta jiran ka gama zaɓen kayan aiki.

2. Rubuta bayanan motar

Kafin ka kalli kowace na'ura, rubuta sunan kamfanin motar, da samfurinta, da shekararta, da lambar shasi ta VIN mai haruffa da lambobi 17, wadda ake samu a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Ka kuma san ƙasar da aka ƙera motar dominta, saboda samfuri ɗaya na shekara ɗaya yakan zo da ƙwaƙwalwar birki daban a Amurka, daban a Turai, daban a Japan.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka nemo soket ɗin OBD2 mai ramuka 16. An wajabta shi a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu dizal. Motocin da suka girmi haka sukan zo da soket irin na kamfaninsu, kamar zagayayye mai ramuka 20 na tsofaffin BMW ko mai 38 na tsofaffin Mercedes, kuma waɗannan sai da wayar haɗi ta musamman.

3. Zaɓi rukunin da ya dace da kai

Kowace lambar matsala tana farawa da harafi. P na inji ne da giya, B na jikin mota ne wanda jakar iska ke ciki, C na shasi ne wato birki da ABS, U kuma na sadarwa ne tsakanin ƙwaƙwalen motar. Doka ta tilasta wa kamfanoni su yi amfani da harshe ɗaya ne a kan abin da ya shafi inji da hayaƙi kawai. Sauran an bar wa kowa nasa, kuma a nan ne na'urori suke rabuwa.

Rukuni na farko su ne ƙananan masu karanta lambar inji, tare da 'yan na'urorin ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth. Waɗannan iyakarsu zaure, ba su shiga cikin gida. Komai yawan motocin da aka lissafa a kwalinsu, idan ba a rubuta ABS da SRS ƙarara ba, ba su da amfani ga wannan aiki. Togaciya ɗaya ita ce idan an haɗa na'ura mai inganci da manhajar da aka rubuta don kamfani guda, kamar FORScan ta motocin Ford da Mazda, wadda ke shiga sauran ƙwaƙwalen. Sai dai jabun ELM327 sun cika kasuwa, kuma da yawansu sukan yanke magana ana tsakiyar karatu.

Rukuni na biyu su ne na riƙewa a hannu waɗanda aka ƙera don birki da jakar iska, irin su Autel AL619 da Foxwell NT630 Plus, ko Launch CRP123 mai karanta inji da giya da ABS da SRS. Ga mai mota ɗaya ko biyu, nan ne na fi ganin dacewa, da sharaɗin ya bi mataki na 5 da na 7 ba tare da ya tsallake ba.

Rukuni na uku su ne manya masu allon taɓawa da ke shiga dukkan ƙwaƙwalen mota, kamar Autel MK808 da dangin Launch X431. Makanikin da motoci iri-iri ke shigo wa gareji bai kamata ya tsaya ƙasa da wannan ba, domin ƙaramar za ta riƙa ba shi kunya a gaban masu mota.

Rukuni na huɗu manhajojin kamfani guda ne da ake sakawa a kwamfuta tare da wayarsu: Techstream ta Toyota da Lexus, HDS ta Honda, ISTA ta BMW, Xentry ta Mercedes, da VCDS ta kamfanin Ross-Tech don Volkswagen da Audi da Skoda da Seat. Babu abin da ya kai su zurfi a motar da aka yi su dominta, amma ba su aiki a wata, kuma suna buƙatar wanda ya san abin da yake dannawa.

4. Lissafa ayyukan da kake buƙata

Na'urori biyu za su iya ɗauke da tambarin ABS da SRS a kwali, amma ɗaya ta ninka ɗayar aiki. Ga abin da za ka tambaya, daga mafi muhimmanci.

Na farko, karanta lamba tare da bayaninta, da kuma goge ta. Bayanin yana da muhimmanci saboda lambobin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani: matsalar sensar gudu ta ƙafar gaba ta dama C0200 ce a motocin Toyota da yawa, a motocin General Motors kuwa C0040 ce. Na'urar da ke ba ka lamba tsura, ko ta fassara ta da ma'anar wani kamfani, za ta sa ka sayi kayan da ba su lalace ba.

Na biyu, nuna bayanai kai tsaye yayin da mota ke aiki, musamman gudun ƙafafu huɗu a lokaci guda, kuma zai fi kyau a ce tana zana su a layi. A ganina wannan ne aikin da ya fi kowanne biyan kuɗinsa a ɓangaren birki, kuma shi ne masu saye suka fi mantawa su tambaya.

Na uku, ba da umarni ga kayan mota, wato na'urar ta iya kunna famfon ABS ko ta buɗe bawul ɗaya bayan ɗaya don ka ji ko suna amsawa. Daga nan ne aikin cire iska daga cikin akwatin ABS yake fitowa. Idan iska ta shiga akwatin, misali bayan an canja shi ko man birki ya ƙare ƙaf, to a motoci da yawa cire iska ta hanyar taka birki da kwance noti ba ya fitar da ita, sai na'ura ta juya famfon.

Na huɗu, saita sensa. Bayan an yi alaimen ko an taɓa sitiyari, sensar kusurwar sitiyari takan nemi a saita ta. A motocin Toyota lambobin C1210 da C1336 suna nufin ba a saita sifilin sensar juyawa da ta rage gudu ba, kuma fitilar ba za ta mutu ba sai an yi shi a fili mai daidai. Haka ma sensar nauyi ta kujerar fasinja a motocin da ke da ita. Idan motarka birkin hannunta na lantarki ne, ƙara da aikin EPB mai janye birkin baya kafin a canja takalminsa, domin tura shi da ƙarfi yana lalata motar lantarkin da ke ciki.

Na ƙarshe shi ne gabatar da sabuwar ƙwaƙwalwa ga mota da rubuta mata lambar shasi. Wannan na makanikai ne, mai mota ba ya buƙatar ya biya dominsa.

Gargaɗi: Idan jakar iska ta taɓa fashewa, ƙwaƙwalwarta takan adana bayanin haɗarin ta yadda na'urar bincike ta yau da kullum ba ta goge shi, kuma yawancin kamfanoni umarninsu shi ne a canja ƙwaƙwalwar. Kada ka sayi na'ura da fatan za ta kashe fitilar motar da ta yi haɗari.

5. Duba jerin motocin da take ɗauka

Manyan kamfanonin na'urori suna da shafi a intanet inda za ka zaɓi samfurin na'ura, da kamfanin mota, da shekara, ya nuna maka ƙwaƙwalen da take shiga da ayyukan da take yi a kowacce. Nemo layin motarka, ka duba SRS daban, ABS daban, sannan kowane aiki da ka lissafa a mataki na 4. Cewar mai sayarwa "tana yin Toyota" ba amsa ba ce, domin takan iya cire iska a samfurin 2012 ta kasa a na 2019.

Masu sababbin motoci suna da ƙarin abin lura. Daga 2018 motocin Chrysler da Jeep da Dodge da Ram da Fiat sun fara zuwa da shingen tsaro wanda ke barin na'ura ta karanta lamba amma ya hana ta gogewa ko ba da umarni, sai an yi rajista da tsarin AutoAuth kuma na'urar tana cikin waɗanda aka amince da su. Volkswagen ma ta kawo nata shingen mai suna SFD a sababbin samfura. Akwai kuma sababbin hanyoyin sadarwa, CAN FD a motocin General Motors na baya-bayan nan, da DoIP a BMW da Volvo da Land Rover, waɗanda tsofaffin na'urori ba su jin su ko da an sabunta manhajarsu. A ƙarshe ka tambaya ko an ƙulle na'urar ga wani yanki na duniya, saboda wadda aka yi wa wata kasuwa takan ƙi yin rajista a wata.

6. Haɗa kuɗin gaba ɗaya

Kuɗin da ke jikin kwali kashi ɗaya ne kawai. Wasu ƙananan na'urori sabunta manhajarsu kyauta ne har abada, manyan kuwa sukan ba da shekara ɗaya ko biyu, daga nan sai biyan shekara-shekara, wanda yakan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin sayen. Tambayi abin da zai faru idan ka daina biya: yawancin manyan suna ci gaba da aiki da tsohuwar manhaja, amma wasu masu haɗuwa da wayar hannu sukan rufe ayyukan ABS da SRS gaba ɗaya. Akwai kuma masu zuwa da manhajar kamfanin mota ɗaya, kowane ƙari sai an saya. Ƙara kuɗin wayoyin haɗi da na rajistar shingen tsaro idan motarka na buƙata.

Gargaɗi: Araha ba ta ado. Na'urar da farashinta ya faɗi ƙasa sosai da na sauran masu sayarwa, ko wadda lambar jikinta ta ƙi karɓuwa a shafin kamfanin, jabu ce ko kuma an riga an yi mata rajista da sunan wani. Idan ta hannu ce za ka saya, sai mai ita ya sakar maka asusun rajistar.

7. Gwada ta a jikin motarka

Idan da hali, yi gwajin kafin ka biya. Idan ta intanet ka saya, yi shi ranar da ta iso, tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Soka ta, murɗa makulli, ka ga ko ta karanto lambar shasi da kanta. Shiga SRS, ka tabbatar ta nuna lambar ƙwaƙwalwar ko bayananta, sannan ka shiga ABS ka buɗe gudun ƙafafu huɗu. Saƙon cewa ta kasa sadarwa a ɗaya daga cikinsu, alhali tana karanta inji, yana nufin ko dai ba ta ɗaukar motar, ko fiyus ɗin wannan ƙwaƙwalwa ya ƙone, don haka duba fiyus kafin ka yanke mata hukunci.

Akwai gwaji mai sauƙi idan motar ba ta da matsala a lokacin. Kashe makulli, zare soket ɗin sensar gudu ta ƙafa ɗaya, ka kunna ka karanta. Na'ura ta gari za ta ambaci wannan ƙafar da sunanta. Kashe, mayar da soket, ka goge lambar.

Gargaɗi: Wannan gwaji na ABS ne kaɗai. Kada ka kwatanta shi da kowane soket mai ruwan ɗorawa, domin launin wayoyin jakar iska ke nan.

8. Karatun farko

Fara da batir. Mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, da tsakanin 13.5 da 14.7 idan yana aiki. Raunin batir ko altaneta yana haifar da lambobi barkatai a ABS da SRS, kamar C1241 a Toyota, kuma mutane da yawa sun canja sensa alhali batir ne ya gaji.

Bayan haka karanta dukkan ƙwaƙwalen, ka ɗauki hoton allon ko ka rubuta kowace lamba, tare da lura da wadda take nan yanzu da wadda tsohuwa ce aka adana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne danna gogewa tun kafin a rubuta komai, wanda ke tafiya da shaidar da za ta nuna inda matsalar take, musamman mai zuwa tana tafiya.

9. Bin lambar ABS

Lamba tana nuna layin da matsala take ne, ba ta cewa ga abin da ya lalace. Idan ta ambaci sensar ƙafar baya ta hagu, laifin yana iya zama na sensar, ko wayarta da ta goge a jikin ƙarfe, ko soket mai tsatsa, ko zoben da sensar ke karantawa.

Samu wani ya tuƙa a wuri marar cunkoso, kai kuma ka riƙe na'urar. A tafiya miƙe ƙafafun huɗu za su nuna gudu kusan ɗaya. Sai ka ga uku suna kan 20, ta huɗun tana kan sifili ba ta motsi, wanda ke nuna yankewar waya ko mutuwar sensa. Ko kuma ka ga tana bin 'yan uwanta har sai an rage gudu za a tsaya, sannan ta faɗi sifili kafin su, wanda ya fi kama da datti a bakin sensa, ko tsagewar zobe, ko boris da ya yi lako-lako. A motoci da yawa zoben maganaɗisu ne da ke jikin boris ɗin ƙafa ta fuska ɗaya, kuma idan aka dasa sabon boris a juye, fitilar ABS za ta kama nan take duk da cewa komai sabo ne.

Gargaɗi: Kada direba ya riƙa kallon allon yana tuƙi. Idan aikin ya kai ga cire iska, yi amfani da irin man da aka rubuta a murfin tankinsa, galibi DOT 3 ko DOT 4, kuma kada ka zuba DOT 5 a mota mai ABS.

10. Bin lambar jakar iska

Wurare biyu ne suka fi kawo wannan fitila. Na farko shi ne naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari, wadda ke karyewa saboda yawan juyi. Lambarta takan ce layin jakar direba ya yanke, kamar B1801 a Toyota, kuma sau da yawa hon ko maɓallan sitiyari sukan mutu tare da ita. Na biyu shi ne soket ɗin ƙarƙashin kujera, wanda ke sassautawa saboda tura kujera gaba da baya ko kayan da ake cusawa a wurin. Idan na'urarka tana nuna juriyar layin, za ka ga ta 'yan om (ma'aunin juriyar wutar lantarki) kaɗan ce, galibi tsakanin 2 da 3, kuma idan ka juya sitiyari a hankali ko ka matsar da kujera ka ga adadin yana tsalle, ka gano wurin ba tare da ka kwance komai ba.

Gargaɗi: Kafin ka taɓa kowace waya ta jakar iska ko ta abin ɗaure bel, kashe makulli, cire kan batir mai alamar ragi (-), sannan ka jira, domin ƙwaƙwalwar tana riƙe wutar da za ta iya fasa jakar bayan an cire batir. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti 3, wasu kuma har minti 10, don haka bi littafin motarka. Kada ka taɓa auna jakar iska da mitar gwajin wutar lantarki, saboda 'yar wutar da mitar ke turawa tana iya tayar da ita. Jakar da aka ciro a ajiye ta fuskarta na kallon sama.

Akwai masu soka ƙaramin rezisto a madadin jakar da ta fashe don ƙwaƙwalwa ta ɗauka tana nan. Fitila za ta mutu, na'ura ma za ta ce lafiya lau, amma babu abin da zai tare ƙirjin direba ranar karo. Wannan ha'inci ne da rayukan mutane, kuma duk mai sayen motar hannu ya sa a duba masa jakunkunan da ido, kada ya dogara da allon na'ura kaɗai.

11. Goge lamba ka tabbatar

Bayan gyara, mayar da batir ba tare da kowa yana zaune a gaban jaka ba, murɗa makulli, ka goge lambobin. Kashe, sake kunnawa, ka ga fitilar jakar iska ta kama ta kuma mutu da kanta. Ta ABS a wasu motoci sai an ɗan yi tafiya kafin ta mutu, domin ƙwaƙwalwar tana so ta ga ƙafafun huɗu suna juyawa. Yi tafiya ta 'yan mintuna, ka sake karantawa. Lambar da ta dawo nan take tana nufin ba a taɓa ainihin matsalar ba, wadda ta dawo bayan kwanaki kuma waya ce ko soket mai sassauci.

Abu ɗaya ya rage wanda babu na'urar da ke nuna shi. Jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda aka janye kimanin miliyan 67 daga cikinsu a Amurka kaɗai, sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima har ya tarwatsa gwangwaninsa ya watsa ƙarfe, kuma ba su kunna fitila ko ajiye lamba. Suna cikin motocin Honda da Toyota da Nissan da BMW da Ford da wasu da dama. Shigar da lambar shasin da ka rubuta a mataki na 2 a shafin janye motoci na kamfanin motarka, ko na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, idan motar ta kasuwar Amurka ce, kuma idan ta fito a jerin, tuntuɓi wakilin kamfanin a canja jakar.